Gemun Parzidan Muntaka

Duk wanda ya sauka a tashar Matameye bai je ya gai da Parzidan Muntaka ba, in ya koma gida kada ya ce ya zo garinmu. Ya dai wuce ta gefe. Muna da gero, muna da kasuwa, muna da taksin da ke ɗaukar mutum goma sha tara da akuya biyu ba ta koka ba. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babban abin da muke nuna wa baƙo shi ne Muntaka, kuma ko ba mu nuna shi ba zai nuna kansa.

Cikakken sunansa yana jikin wani ɗan kati da ya bugo a Kano: Parzidan Muntaka, Shugaban Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Tauraron Yamma, Marubuci, Darakta, Mai Ba da Shawara kan Al'adu na Ƙasa da Ƙasa. Kada wani ya ce ƙarya ce. Ya yi rani shida a Legas yana gadin shagon tayoyi, kuma in dai Nijar ƙasa ce, ai Najeriya ma ƙasa ce.

Ba ya fita sai da sakoshi, 'yar jakarsa ta takardu, a hammata. Cikin sakoshin akwai hatimin ƙungiya, da alƙalami uku da babu mai rubutu a cikinsu, da ɓarin goro. Hatimin nan kuwa ya sha aiki. In zai aika wa mai shayi saƙo sai ya buga shi. Littafin lakwal, wato makaranta, na 'yarsa Fadila ma bai tsira ba, har mushe, malamin ajinsu, ya aiko yana tambaya ko yarinyar ta canza ma'aikata.

Ni da na bar lakwal a aji shida saboda ni da lissafi mun kasa jituwa, ban isa in ƙirga darajojin wannan bawan Allah ba. Abu ɗaya na iya ƙirgawa a jikinsa, shi ne gashin haɓarsa, don bakwai ne. Bakwai cif, yana da shekara arba'in da shida. Huɗu a dama, biyu a hagu, ɗaya a tsakiya yana tsaye shi kaɗai kamar gawo a gonar da aka girbe. Ya shafa man zaitun. Ya shafa habbatus sauda. Ya shafa kitsen damo har ƙudaje suka riƙa raka shi masallaci. Bakwai ɗin nan ba su ga dalilin gayyato 'yan'uwansu ba. Shi ya sa mu 'yan fada, in muna majalisarmu ta shan shayi ya wuce, muke miƙewa mu ce, "Ranka ya daɗe, Parzidan!" In ya sha kwana mu ƙarasa masa sauran sunan: Haɓa-Sumul.

To, ga abin da ya kawo maganar gemu.

Kowace shekara ana gasar wasan kwaikwayo tsakanin ƙungiyoyin yankinmu, wadda ta ci ita ke tafiya Damagaram. Shekara uku a jere Tauraron Yamma na faɗuwa. Kowa a garin nan ya san dalili, har awaki. Ana ba kowace ƙungiya rabin awa, shi kuwa Parzidan jawabin buɗe taro kaɗai yana cin minti arba'in. Alƙalai su kaɗa ƙararrawa 'yan wasa ba su ko fito ba. Bana dai 'yan ƙungiya suka gaji. Suka zauna, Nura sakatare ya miƙe ya faɗa masa a gaban kowa: in aka sake faɗuwa, Parzidan zai ajiye hatimi ya sauka daga kujera.

Wani mutum da ya ji haka sai ya rage jawabi. Parzidan ba wani mutum ba ne. Ya gyara tabaransa marar magani, ya ɗora sakoshi a tebur, ya ce:

"'Yan'uwana artis-artis, na yi bincike. Na yi analiz mai zurfi. Matsalarmu ba jawabina ba ne, domin jawabin nan ko a Yamai aka yi shi sai an tafa. Matsalarmu gemu ne."

Duk aka juya aka dubi Baba Bawa mai gyaran keke. Shi ke fitowa a tsoho tun kafin a haifi rabin 'yan ƙungiyar. Wasan da suke yi kuwa, Wasiyyar Tsoho, duk a kansa yake: dattijo na kwance zai mutu, 'ya'yansa uku sun dawo daga ci-rani, yana roƙonsu kada su bar gonar gado ta mutu. Baba Bawa in ya buɗe baki a wurin gwaji, har mai tallar gyaɗa sai ta share hawaye. Gemunsa fari ne tas, ya sauko har ƙirji.

Parzidan ya nuna shi da alƙalami. "Ku duba da kyau. Wannan gemun ƙauye ne. Ya fito yadda ya ga dama, babu tsari, babu pilan. Alƙalan zamani ba sa son irin wannan. Suna son gemu na kimiyya."

Baba Bawa ya shafa abinsa a hankali. "To, Parzidan, ni dai haka aka ba ni shi."

"Ba laifinka ba ne, Baba. Ka huta. Bana ni zan fito a tsohon."

Aka bar kallon gemun Baba Bawa aka koma kallon bakwai ɗin nan. Nura ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane gemun?"

"Saƙa shi za a yi. Kamar yadda ake yi a Turai. Na gani a salula."

Wani ya ce ai ga auduga ga ƙaro, a liƙa masa kamar yadda kowa ke yi. Parzidan ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. Ya ce auduga da ƙaro na 'yan lakwal ne, shi ya wuce nan tun yana Legas.

A nan ya kamata in gaya muku wani abu. A cikin gidan Parzidan akwai mace ɗaya, Basira, matarsa. Shekara goma sha biyu tana saƙa. Hular jarirai, safa, rigar sanyi, duk jaririn da aka haifa daga nan har Kurni da wuya ka ga kansa babu aikin hannunta. Tana hira tana saƙa, tana yi wa Fadila faɗa tana saƙa, ko kallon zaren ba ta yi. Da mutumin nan ya ce, "Basira, yi mini gemu," da kafin la'asar ya zama kakan gari. Amma wane Parzidan ne zai nemi ilimi a tsakar gidansa alhali ga baturiya a salula?

Ranar kasuwa ya je rumfar masu zaren ulu. Ya tsaya nesa kaɗan yana duban sama kamar mai jiran jirgi, sai da mata suka ragu ya matso. Ya ce a ba shi farin ulu dunƙule huɗu, na wani furoje ne, wato babban aiki, na al'adu. Farin da ya rage kuwa irin na mayafin jarirai ne, mai ɗan ƙyalli a jiki. Ya ce daidai ke nan, furfurar manyan mutane dama tana walƙiya.

Saura tsinken saƙa. Na Basira na nan cikin kwando har kala uku, amma taɓa su zubar da girma ne. Sai ya nufi shagon wa? Shagon Baba Bawa, mutumin da ya tuɓe shekaranjiya. Ya ce a ba shi tsinken ƙafar keke guda biyu. Baba Bawa ya jawo akwatin aikinsa. Ya zaro biyu, ya goge tsatsa, ya dakushe bakinsu a dutse don kada su soke shi, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Parzidan. Ni nawa shekara hamsin ya ɗauka."

Malamar tasa wata tsohuwar baturiya ce mai tabarau a kan hanci, tana Ingilishi. Parzidan ya ce yana jin kowace kalma, ai harshen Legas ne. Mu dai abin da muka sani, Ingilishinsa na bakin ƙofa ne: buɗe, rufe, oga ba ya nan. Bidiyon minti goma sha huɗu ne. Yana cikin saukewa mega ya ƙare a minti na goma sha ɗaya. Nura ya ce a ƙara mega a sauke sauran ukun. Parzidan ya kaɗa hannu.

"Ni na san Turawa. Ƙarshen maganarsu duk godiya ce da ban kwana. Ilimin yana farko."

Ku riƙe minti ukun nan. Za mu sake haɗuwa da su.

Daga ranar ya shiga ɗaki. Da an sauko daga azahar, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, sai ya ja ƙofa ya liƙa takarda: ANA TARO. Da hatimi a ƙasa. Mahalarta taron su uku ne: shi, da baturiya, da zare. Ta taga ana jin yadda taron ke tafiya. "Dakata mana, Madam! Ina kika zura shi? Koma baya! Kai, wannan mata da gaggawa take!"

Na farko da ya fito daga taron ya yi kama da sheƙar tsuntsu bayan iska. Parzidan ya ce gwaji ne. Na biyu ya fara shi da idon saƙa ashirin a kan tsinke, ya wayi gari da hamsin da uku, bai san inda sauran suka fito ba. Ya yi faɗi kamar faifai, har Fadila ta rufe tuwo da shi. Na uku ya tsuke, ya lanƙwashe, ya fito safa sak, har da wurin dunduniya. Wannan ya ba Basira mamaki ƙwarai, don ita sai da ta yi wata biyu kafin ta iya dunduniya, shi kuwa ya yi ta ba da niyya ba.

Wata rana ta leƙa ta kai masa ruwa, ta tarar da shi zare a haƙori, tsinke ɗaya a hammata, gumi na ɗiga a kan baturiya.

"Baban Fadila, a yatsa ake naɗe zaren nan, ba a haƙori ba."

Ya cire zaren daga baki don ya sami damar magana. "Madam, ki fahimci wani abu. Abin da kike yi sana'a ce. Abin da nake yi fasaha ce. Tsakaninsu akwai tafiyar jirgin sama."

Ta ajiye ruwan. "To, a sauka lafiya."

Kwana goma sha tara ana taro. A na ashirin aka buɗe ƙofa, gemu ya fito. In faɗi gaskiya, tunda ni ba na zalunci: ya yi kama da gemu, in mutum ya tsaya nesa kuma rana na dukan idonsa. Ya fara daga ƙarƙashin leɓe ya sauko har cibiya. Gefen dama ya fi na hagu tsawo da kamu ɗaya. Akwai ramuka uku a tsakiya inda idanu suka zame, Parzidan ya ce na shan iska ne, da gangan ya bar su. Abin ratayawa a kunne kuwa robar tsohon takunkumin korona ce.

Da ya kai layin ƙarshe, bidiyo ya tsaya cak inda ya saba tsayawa, baturiya ta daskare da baki a buɗe. Parzidan ya ce alhamdu lillahi, an gama. Ya kama tsinken ya zare shi fit. Idanun layin ƙarshe suka tsaya a jere a buɗe kamar bakin 'yan tsaki, ga wutsiyar zare kamu uku tana reto.

Basira na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗaga kai sau ɗaya, ta ajiye rariya.

"Baban Fadila, ba ka ƙulle ba."

"Ban me ba?"

"Ba ka ƙulle ƙarshen ba. In an gama saƙa, ana bin idanun nan ɗaya bayan ɗaya, ana zura wannan cikin wancan har ya rage guda, sannan a ja zaren ta ciki a ɗaure. In ba haka ba, duk abin da ya ja wutsiyar nan, saƙar har sama za ta bi shi. Kawo nan. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama maka."

Minti ukun da na ce ku riƙe ke nan, sun zo har gida da ƙafarsu, kyauta, cikin Hausa. Parzidan ya ɓoye gemun a bayansa, ya miƙe tsaye, ya yi wa mace ɗaya da kaji huɗu jawabi.

"Madam, gobe tarihi zai yi tambaya. Zai ce, wa ya saƙa gemun da ya kai Matameye Damagaram? Ina so amsar ta zama suna ɗaya. Ba na son a ce an gama a madafa. Kuma ina tambayarki: a duk faɗin garin nan, daga tasha har bakin kasuwa, wa ya isa ya ja gemun Parzidan? Wa?"

Kaji ba su amsa ba. Basira ta ɗauki rariyarta.

Shi kuwa ya dama sitaci ya shafa wa idanun don su sandare, ya shanya a rana, ya cusa wutsiyar cikin wuyan riga. Kimiyya ke nan.

Kafin ranar gasa ya ga ya kamata a gwada abin a kan wanda bai san shi ba. Ya rataya gemu, ya ja rawani, ya je tasha ya tsaya inda taksin Dawce ke sauke mutane. Wani dattijo ya sauko da buhunsa, ya dube shi, ya dubi farin abin da ya naɗe masa muƙamuƙi, fuskarsa ta cika da tausayi. Ya ce, "Sannu, bawan Allah. Haƙori ne? Allah ya ba da lafiya." Parzidan ya dawo fada yana haki don murna. Ya ce mana, "Kun gani? Baƙo ma da ya gan ni sai da ya yi mini addu'ar da ake yi wa tsofaffi."

Ranar gasa filin gidan matasa ya cika bayan la'asar. Maza a dama, mata a hagu, mu 'yan fada a kan katanga inda ake ganin komai. Alƙalai uku sun zo daga Damagaram, shugabarsu Madam Najaha, tsohuwar malamar lakwal, wadda aka ce rabonta da dariya tun ana rubutu da allo. Dawce suka yi nasu. Kurni suka yi nasu, tsohonsu da auduga da ƙaro, irin na 'yan lakwal. Sai aka kira Tauraron Yamma.

Abin mamaki, babu jawabin buɗe taro. Nura ya yi kwana uku yana roƙo, Parzidan ya yarda. Abin da Nura bai sani ba, jawabin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Parzidan ya kwashe shi duka ya zuba cikin wasiyyar tsoho.

Aka ɗauko shi a kan gadon kara aka ajiye a tsakiyar fili. Gemu na walƙiya a rana kamar an yi ɓarin gishiri. Ulu dunƙule huɗu a fuska, a watan da ruwan randa ke zafi da kansa. Kafin 'ya'yan su gama sallama gumi ya jiƙe gemun sharaf, sitaci ya koma koko. Yana ta juye-juyen ciwon ajali, irin wanda ya gani a fim, wutsiyar zare ta sulluɓo daga wuyan riga ta shige tsagar wani kara ta maƙale.

A rubuce, tsoho daga kwance yake wasiyya. Amma Parzidan ya ga a talabijin manyan artis suna shiga cikin jama'a da makirfo. Sai mai cutar ajali ya yi wuf ya miƙe, ya karɓe makirfo, ya nufi teburin alƙalai, taku ɗaya jimla ɗaya.

"Ya ku 'ya'yana! Ya ku al'ummar Matameye da kewaye! Ku dubi furfurar nan!"

Aka duba. Zare ya miƙe tsakaninsa da gado. Layin ƙasa ya tafi, tsul-tsul-tsul, daga dama zuwa hagu.

"Furfurar nan ba a rana ɗaya ta fito ba!"

Layi na biyu ya bi na farko, daga hagu zuwa dama.

Mata suka fara ganewa, don su ne masu sana'ar. Wata ta dafa ta kusa da ita ta ce, "Bai ƙulle ba." Maganar ta bi layin mata kamar yadda zaren ke bin nasa layin. Bai ƙulle ba. Wallahi bai ƙulle ba. Basira ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa.

"Kowane sili da kuke gani a nan, shekara ce ta wahala! Shekara ce ta tunani! Babu mai iya ƙwace mini shi!"

Gemu ya bar cibiya ya hau ƙirji. Nura, wanda ke fitowa a babban ɗa, ya biyo shi da rarrafe yana nuna haɓa, yana cewa, "Baba, koma ka kwanta! Baba, jikinka!" Parzidan ya ture shi da ƙafa, don ba a katse artis. Hayaniyar da ta tashi kuwa ya ɗauka kuka ne. Ya ga mutane sun dafe ciki, wasu na share ido, wani ya faɗo daga katanga. Ya ce a ransa yau ya gama da su. Sai ya ƙara murya, ya ƙara faɗin taku, ya fara wurgi da hannu, kowane wurgi da layinsa.

Ya bar gado yana ɗan shekara tamanin. A tsakiyar fili ya dawo sittin. Da ya wuce mai ɗaukar hoto bai fi limamin ƙauye sabon naɗi ba. Ya iso gaban Madam Najaha babu abin da ya rage sai robar takunkumi biyu da layi ɗaya da ya ratsa ƙarƙashin leɓe kamar linzami. A ƙarƙashinsa ga bakwai ɗinmu nan, huɗu, biyu, ɗaya, sun jiƙe sun kwanta, suna kallon jama'a.

"Don haka nake cewa," in ji Parzidan da babbar murya, "duk wanda ya raina gemu, ya raina tarihi!"

Ya ɗaga hannu zai shafa shi tun daga sama har ƙasa, yadda ya yi kwanaki yana gwadawa a madubi. Hannu ya kama iska. Ya sake shafawa. Ya lalubi ƙirji, ya lalubi ciki, ya duba ƙasa ko ya faɗi. Sannan ya juya. Tun daga haɓarsa har gadon kara, zare ne kwance a fili, ya nannaɗe kamar taliya, yana walƙiya.

Madam Najaha ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa.

Abin da Parzidan ya yi daga nan, a ba shi haƙƙinsa, ya yi shi da sauri. Ya ruga ya faɗa gado, ya ja zane ya rufe fuska, ya mutu nan take. Saura minti goma a wasan, 'ya'ya uku ba wanda ya faɗi nasa. Suka tsaya a kan gawa suna kallon juna. Makirfo kuwa na hannun mamacin, bai kashe ba, duk fili aka ji gawa na cewa, "Maƙarƙashiya ce. Wallahi maƙarƙashiya ce."

Baba Bawa ne ya taso daga cikin 'yan kallo. Bai yi dariya ba. Ya ciro bakin zaren daga tsagar kara, ya bi shi a hankali yana naɗewa a hannu har ya zama dunƙule, ya kai wa Basira. Ya ce, "Riƙe, 'yata. Zare ne mai kyau, kada a tattake shi."

Da aka natsu, Madam Najaha ta sa aka tashi mamacin aka kawo shi gabanta. Ta goge ido da bakin gyale ta ce, "Malam Muntaka, shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin tsohon da ya warke daga tsufa a gabana ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da gangan kuka shirya wannan?"

Nura na bayansa yana ta ɗaga kai kamar ƙadangare. Duk 'yan ƙungiya suka zuba wa Parzidan ido. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da Damagaram, tsakaninsa da kujerarsa. Ko akuya aka tambaya ta san amsar.

Parzidan ya gyara robar kunnensa, ya ɗaga haɓa.

"Madam, da girmamawa. Ni ba ɗan kama ba ne. Ban taɓa ba mutane dariya ba, kuma ba zan fara yau ba. Ni artis ne na ban tausayi."

Ta ce, "Wannan kam gaskiya ne." Ta ɗauki alƙalami. "Da ka ce da gangan ne, da ku za ku tafi. Kurni ta ci."

Washegari aka yi taron da bai kai minti biyar ba, mafi gajarta a tarihin ƙungiyar. Hatimi ya koma hannun Baba Bawa, wanda ya jefa shi cikin gwangwanin kusoshi ya ci gaba da liƙin taya. Sakoshi dai Parzidan ya hana, ya ce nasa ne na kansa. Har yanzu yana yawo da shi, da alƙalami uku da ɓarin goro.

Kada ku ce ya rasa muƙami. Basira ta wanke zaren ta shanya, ta ce tana bukatar inda za ta rataya shi ta naɗe. Na wuce ƙofar gidan na hango shi zaune a kan turmi, hannu biyu a miƙe, zare a rataye, tana naɗewa tana hira da maƙwabciya. Da ya gan ni ya ce, "Ina duba ingancin aiki ne."

Da yamma ɗaya ta saƙa hular jariri da shi, mai igiya a ƙarƙashin haɓa, ta kai sunan jikan Baba Bawa. Yinin ranar jaririn na yawo hannu zuwa hannu. Babu matar da ta karɓe shi ba ta ɗan ja igiyar ba, ta dubi Basira, su kwashe da dariya. Ko ido ɗaya bai motsa ba.

Tsakanin haɓar jaririn nan da ta Parzidan, bambancin gashi bakwai ne kacal. A ta jaririn zaren ya zauna.